Dusar ƙanƙara a digiri 4, ruwa a ƙasa da sifili: ina lissafin ya karkace?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, wannan ne lokacin sanyina na farko a birnin Montreal na ƙasar Kanada, kuma wani abu ya ɗaure mini kai. Ran nan wayata tana nuna digiri 4 sama da sifili sai ga dusar ƙanƙara tana sauka. Bayan 'yan kwanaki tana nuna digiri 3 ƙasa da sifili, amma ruwa ne ya zubo, yana taɓa ƙasa yana daskarewa. Mu dai an koya mana a sifili ruwa yake daskarewa. Ina lissafin ya karkace? Kuma me zan riƙa dubawa in gane abin da zai sauko?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abin da aka koya maka daidai ne, wayar taka ma ba ƙarya ta yi ba. Lambar da take nuna maka zafin iskar da ke kusa da ƙasa ce, domin tashoshin yanayi suna ɗora ma'auninsu a tsayin da bai wuce mita 2 ba. Abin da ya faɗo maka a ka kuwa ya yi tafiyar kilomita 3 ko 5 kafin ya iso, ya ratsa iska hawa-hawa, kowane hawa da nasa zafin da nasa danshin. Waɗannan hawayen su ne suke yanke hukunci, mita biyun ƙarshe ƙaramin rabo gare su. Duk digirin da zan ambata na ma'aunin Selshiyos ne, wanda ake amfani da shi a Kanada da gida.

Fara da gyara yadda kake kallon abin. Ɗigon ruwa ba ya zama dusar ƙanƙara a hanyarsa ta saukowa. Idan ɗigo ya daskare, ƙwayar ƙanƙara mai tauri yake zama. Dusa tun a cikin gajimare ake haifarta, daga tururi kai tsaye zuwa ƙanƙara ba tare da ta bi ta ruwa ba. A ƙasashe irin Kanada, kusan duk ruwan da ke sauka, har na tsakiyar watan Yuli, a matsayin dusa ya baro gajimare, ya narke a hanya. Saboda haka tambayar da masanin yanayi yake yi wa kansa kullum ita ce: dusar nan za ta tsira har ƙasa, ko za ta narke? In ta narke, za ta sake daskarewa? A ina?

Yadda ake haifarta abin mamaki ne. Ƙananan ɗigon da ke cikin gajimare ba sa daskarewa don kawai sanyi ya kai sifili. Ruwa mai tsabta yana bukatar wani abu da zai kama ya fara daskarewa a kansa, kamar ƙwayar ƙura ko yumɓu, in babu shi yana iya zama ruwa har sanyi ya kai wajen digiri 38 ko 40 ƙasa da sifili. Don haka gajimare mai sanyin digiri 10 ko 15 ƙasa da sifili cike yake da ɗigon ruwa, da 'yan ƙwayoyin ƙanƙara jefi-jefi. Tururi kuma ya fi saurin manne wa ƙanƙara a kan ruwa. Sai ƙwayoyin ƙanƙarar su riƙa janye tururin, ɗigon ruwan su riƙa bushewa suna ciyar da su, har su yi nauyin faɗowa. Bajamushe Alfred Wegener ne ya fara kawo wannan tunani a 1911, Tor Bergeron ɗan Suwidin ya gina shi a shekarun 1930, Walter Findeisen ya ƙarasa a 1938. A daidai wannan zamanin Ukichiro Nakaya na Jami'ar Hokkaido a Japan ya fara ƙirƙirar dusa a ɗakin gwaji, a 1936, ya nuna cewa siffar kowace ƙwaya ta dogara da sanyi da danshin wurin da ta girma. Masu rassa shida ɗin nan da ake zanawa a hoto suna girma ne tsakanin digiri 12 zuwa 18 ƙasa da sifili. Idan iska tana hawa da ƙarfi a daidai wannan hawan, masu hasashe sun san dusa mai yawa za a yi, mai laushi, mai saurin taruwa.

To, ta baro gajimare. A tsaka-tsaki, iska tana ƙara ɗumi da digiri 6.5 a kowace kilomita da aka sauko, har dusar ta iso tsayin da zafi ya kai sifili. Nan narkewa take farawa, amma narkewa tana ɗaukar lokaci. Dusa tana saukowa da gudun mita 1 a daƙiƙa, kuma yawanci sai ta yi mita 300 a ƙasa da layin sifili kafin ta gama zama ruwa, wato tafiyar minti biyar. Idan layin sifili yana mita 200 a saman kanka, wayarka za ta nuna digiri 1 ko 2 amma dusa za ka gani, jiƙaƙƙiya, manya-manya, domin gefensu ya fara narkewa suna manne wa juna. Wani bincike da aka buga a 2018, wanda Keith Jennings na Jami'ar Colorado ya jagoranta, ya tattara miliyoyin bayanan tashoshi na arewacin duniya, ya gano cewa zafin da damar ruwa da ta dusa suke yin kunnen doki digiri 1 ne a tsaka-tsaki, ba sifili ba, kuma a busassun wurare masu tsaunuka yana haura digiri 2.

Wannan kaɗai bai kai mu digiri 4 ɗinka ba. Abin da ya kai mu shi ne bushewar iska, kuma nan ne mafi yawan mutane ba sa dubawa.

Ka san yadda ruwan randa yake yin sanyi ranar da iska ta bushe: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randar yana tashi ya zama tururi, yana tafiya da zafi. Haka dusa take yi idan ta faɗo cikin busasshiyar iska. Gefenta yana tashi ya zama tururi, wannan tashin yana sanyaya ta, yana kuma sanyaya iskar da ke kewaye da ita. Ba ƙaramin zafi ake kwashewa ba. Narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara yana cin kilojul 334 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne), mayar da kilo ɗaya na ruwa tururi kuwa yana cin kusan 2,500, ninki bakwai da ɗoriya. Saboda haka dusa a busasshiyar iska tana iya riƙe jikinta a sifili ko da iskar tana digiri 4 ko 5. Masana suna auna wannan da ma'aunin zafi wanda aka naɗe bakinsa da jiƙaƙƙen ƙyalle, kuma lambar da yake bayarwa ta fi ta busasshen ma'auni faɗin gaskiya game da dusa. Idan tana ƙasa da digiri 1, sa ran dusa. Idan ta kai 2, ruwa ne.

Kai ma kana iya ƙiyasta ta da wayarka. Nemi lambar da ake kira zafin raɓa, wato zafin da iska za ta sauko ta fara zubar da raɓa. Manhajojin yanayi da yawa suna nuna ta kusa da lambar danshi. Ɗauki tazarar da ke tsakanin zafin iska da zafin raɓa, raba ta uku, cire kashi ɗaya daga zafin iskar. Misali iska tana digiri 4, zafin raɓa yana 6 ƙasa da sifili. Tazara 10 ke nan, kashi ɗaya cikin uku 3 da 'yan kai, abin da ya rage bai kai digiri 1 ba. Dusa ce. Wata ranar iska tana digiri 2, zafin raɓa ma 2: babu tazara, babu sanyayawa, ruwa ne zai sauka duk da cewa ranar ta fi waccan sanyi. Ina da yaƙinin ranarka ta farko irin ta misalin farko ce, kuma da ka duba wayar bayan rabin awa da fara saukar, da ka ga lambar ta faɗo zuwa 1 ko 2.

Ƙarfin zubar ma yana da nasa tasirin. Kowace dusa da ta narke ta ƙwace zafi daga iskar da ta narke a cikinta. Yayyafi ba ya canza komai. Amma idan ana zuba da ƙarfi kuma babu iska mai kawo sabon ɗumi daga gefe, narkewar tana sanyaya hawan har ya sauko sifili, layin sifilin ya riƙa gangarowa mita ɗari bayan mita ɗari har ya taɓa ƙasa. Shi ya sa za ka ga ruwa ya tsananta, sai ya rikiɗe ya zama dusa, ya lafa, sai ya koma ruwa. Wannan ne abin da ya fi ba masu hasashe wahala, domin sai sun san ƙarfin zubar unguwa-unguwa.

Yanzu ranarka ta biyu, wadda ta fi haɗari nesa ba kusa ba.

A ka'ida sama ta fi ƙasa sanyi, amma a lokacin sanyi abin yakan juye. Iska mai sanyi tana da nauyi, tana kwanciya a ƙasa. Idan guguwa ta taso daga kudu da iska mai ɗumi da danshi daga Tekun Meksiko ko Atilantika, ba ta iya ture mai sanyin nan take, sai ta hau kanta. Sai a sami hawa uku: sanyi a can ƙoli inda ake haifar dusa, ɗumi a tsakiya wajen mita 1,000 zuwa 2,000, sanyi kuma a ƙasa inda kake tsaye. Dusa ta shiga hawan tsakiya ta narke, ta fito ta faɗa cikin sanyin ƙasa. Abin da zai iso gare ka ya dogara da kaurin hawayen biyu. Idan hawan ɗumin siriri ne, bai wuce digiri 1 ba, dusar takan tsira ko da ta ɗan lalace. Idan ya ɗan fi haka, ta narke rabi da rabi, akwai sauran ƙanƙara a cikin ɗigon, sai ya sake daskarewa da sauri a sanyin ƙasa ya faɗo ƙananan ƙwayoyi masu tsalle a kan mota da ƙwanƙwasa taga. Idan kuwa hawan ɗumin ya yi kauri ya haura digiri 3, narkewar takan cika, babu ko ƙwayar ƙanƙara da ta rage. Ka tuna abin da na faɗa a baya, ruwa ba ya daskarewa sai ya sami abin kamawa. Ɗigon yana ratsa iskar digiri 3 ƙasa da sifili yana nan ruwa, sanyinsa ya wuce sifili, yana taɓa reshe ko waya ko kwalta sai ya baje ya daskare ya zama gilashi. Abin da ka gani ke nan.

Kuma ka sauka a ɗaya daga cikin garuruwan da suka fi fama da wannan a Arewacin Amurka. Montreal tana cikin kwarin Kogin Saint Lawrence, tsakanin tsaunukan Laurentian a arewa da na Appalachian a kudu. Idan guguwa ta doso, kwarin yana zuƙo iska mai sanyi daga arewa maso gabas ya riƙe ta a ƙasa, ɗumi yana wucewa ta sama awa bayan awa bai sami hanyar saukowa ba. A ka'ida ruwa mai daskarewa yana kashe kansa, domin daskarewa tana sakin zafin da narkewa ta ƙwace, iskar ƙasa ta ɗumama ta kai sifili. Amma in kwari yana ta kawo sabon sanyi, abin ba ya tsayawa. Haka aka yi daga 5 zuwa 10 ga Janairun 1998. Ƙanƙarar da ta taru a wasu wurare kudu da birnin, wajen Saint-Hyacinthe da Granby, ta kai kaurin milimita 100. Kusan turakun ƙarfe 1,000 na manyan layukan lantarki suka durƙushe, miliyoyin mutane a lardunan Kebek da Ontario suka rasa wuta a tsakiyar sanyi, wasu har makonni, aka fito da sojoji sama da 15,000, mutane fiye da 25 suka rasu. An sake ɗanɗana irinsa ranar 5 ga Afrilun 2023, gidaje da shaguna sama da miliyan ɗaya suka shiga duhu. Tambayi duk wani dattijo a unguwarku game da 1998, zai ba ka labari. Birnin da yake kwashe dusar kusan mita 2 kowace shekara ba tare da ya tsaya ba, 'yan santimita na wannan gilashin suna durƙusar da shi.

Akwai wani nau'in da ke zuwa a ɓoye. Wani lokaci babu hawan ɗumi ko kaɗan, daga ƙasa har sama duk ƙasa da sifili, amma gajimaren gajere ne, ƙolinsa bai kai sanyin digiri 10 ƙasa da sifili ba, don haka ƙanƙara ba ta fara haihuwa a cikinsa ba. Sai ya riƙa sakin yayyafi siriri wanda ido ba ya ɗauka da muhimmanci, na'urar rada ma da ƙyar take ganinsa, yana shafe hanya da ƙanƙara marar launi. Ni a wurina wannan ya fi guguwar da aka yi ta shela a kanta haɗari ga mai tafiya a ƙasa.

Ta yaya masana suke ganin waɗannan hawayen? Sau biyu a rana, ƙarfe 12 na dare da 12 na rana agogon GMT, ɗaruruwan tashoshi a duniya suna sakin balan-balan ɗauke da na'ura mai auna zafi da danshi da iska har tsayin kilomita 30. Ta kusa da ku tana Maniwaki, arewa maso yammacin Montreal. Zanen da ke fitowa daga wannan awon shi ne abin da mai hasashe yake fara buɗewa: yana neman inda layin zafi ya tsallaka sifili, sau nawa, da faɗin kowace tsallakawa. Jiragen sama masu tashi da sauka suna cike giɓin da ke tsakanin sakin biyu. Rada kuma tana nuna hawan narkewa a matsayin zobe mai haske, domin dusar da ruwa ya lulluɓe tana mayar da sigina da ƙarfi fiye da busasshiya, sababbin na'urorin ma suna bambance siffar abin da ke faɗowa. Akwai tsofaffin alamomi da za ka ci karo da su a taswirorin intanet: zafin iska a tsayin da ma'aunin matsin iska yake nuna 850, wato wajen mita 1,500, da layin 540 wanda yake auna kaurin rabin sararin sama na ƙasa. Suna da amfani don hangen kwana huɗu ko biyar. Amma matsakaicin lissafi ne, siririn hawan ɗumi yana iya ɓuya a cikinsu, kuma a kwari irin naku sun sha yaudarar mutane.

Saboda haka kada ka yi saurin zargin masu hasashe in sun ce dusa aka yi ruwa. Kuskuren digiri 1 a tsayin mita 1,500 ba komai ba ne a watan Yuli, ba wanda zai lura. A watan Janairu yana iya matsar da iyakar ruwa da dusa kilomita gommai, kuma milimita 20 na ruwa daidai yake da dusar wajen santimita 20, tunda a ƙiyasi milimita 1 na ruwa yana ba da santimita 1 na dusa, ya fi haka in ana tsananin sanyi. Ko cikin gari ɗaya ana samun bambanci. Dutsen Mont Royal da ke tsakiyar birninku tsayinsa mita 233 ne kawai, amma wannan ya isa ya rage zafi da fiye da digiri 1, ka ga ƙolinsa fari alhali ana ruwa a bakin kogi.

Wani abin da za ka lura da shi nan gaba: ranakun da suka fi sanyi ba su ne ranakun dusa mai yawa ba. Iskar da ke sifili tana iya ɗaukar tururin gram 5 a kowace mita mai kusurwa huɗu da tsayi, a digiri 20 ƙasa da sifili kuwa gram 1 ne kacal. Manyan guguwowin dusa suna zuwa ne da zafin da bai yi nisa da sifili ba, wato a bakin iyakar da muke magana a kai.

Za ka iya tambaya, me ya hana a yi dusa a gida, ko a Jos da ake kuka da sanyinta? Hadarin damina a Kano ko Zinder yana kai tsayin kilomita 15, samansa cike da dusa, yawancin ruwan da muke samu daga gare ta ya fara. Sai dai layin sifili a yankinmu yana wajen mita 4,500 zuwa 5,000. Jos tana kan mita 1,200 da ɗoriya, Chappal Waddi ma, dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Abin da ke narkewa cikin mita 300 ba zai ratsa mita 3,000 na ɗumi ba. Ƙanƙarar damina tana isowa ne don dunƙulalliya ce, mai nauyi, mai saurin faɗowa, kuma hotunan farar ƙasa da ake yaɗawa a Facebook daga Filato nata ne. Hunturu kuwa sanyi ne na kusa da ƙasa, da busasshiyar iska wadda ba ta da abin zubarwa. A Sahara akan gan ta jefi-jefi a wurare masu tsayi, kamar Ain Sefra ta Aljeriya mai tsayin kusan mita 1,000, inda dusa ta rufe rairayi a 1979 da 2016 da 2018.

Ga yadda zan so ka riƙa yi in an ce guguwa na tafe. Kada ka tsaya a kan ɗan hoton gajimaren da ke fuskar waya. Buɗe shafin hukumar yanayi ta Kanada ka karanta rubutaccen hasashen da gargaɗin, domin a nan suke faɗin lokacin da suke sa ran abu zai sauya. Duba zafin iska tare da zafin raɓa. Duba inda iska take fitowa a tashar filin jirgin sama. Sannan ka bi jerin abin da ke sauka da idonka da kunnenka, domin idan ɗumi yana shigowa ta sama, tsarin kusan ɗaya ne kullum: dusa mai laushi, sai manyan jiƙaƙƙu, sai ƙwayoyi masu ƙwanƙwasa taga, sai ruwa mai daskarewa, sai ruwa zalla. Muddin kana jin ƙwanƙwasar, da sauran sauƙi, ana iya taka ƙwayoyin. In ta daina amma ana ci gaba da zuba kuma waya tana nuna ƙasa da sifili, zauna a gida in da hali, ka cika wayarka da caji. In fita ta zama dole, riƙe ƙarfen matakala da kyau, musamman matakalan waje na ƙarfe da suka cika tsofaffin unguwannin Montreal, kuma ka sani gada tana riga hanya daskarewa saboda iska tana bi ta ƙarƙashinta. Gishirin da ake watsawa a titi ƙarfinsa yana raguwa sosai in sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili, don haka ruwan da tsananin sanyi ya biyo bayansa cikin 'yan awoyi shi ma abin tsoro ne.

Game da ƙarewarsa, iskar ƙasa za ka sa wa ido. Muddin tana busowa daga arewa maso gabas, kwarin yana nan yana ciyar da sanyin, kada ka yarda da alkawarin ɗumi ko da garuruwan da ke kudu da ku sun haura digiri 5. Sai ta juya ta koma kudu ko kudu maso yamma sannan zafi yake tsallaka sifili, kuma a lokacin ne ƙanƙarar da ke kan wayoyi da rassa da rufin gidaje take fara ɓallowa, don haka ka nisanci gindin bishiyoyi da dogayen gine-gine na wasu awoyi.